Golmon Ɗan Teku

Ranar Litinin ɗin Ista Japhet ya fara ganin Dinah, kuma a lokacin ƙafarsa ta dama tana cikin taɓo har gwiwa.

Japhet ɗan Zuru ne a suna, amma a barikin soja na Legas aka haife shi, can ya girma, can yake sana'ar gyaran waya. Da ya zo gida hutu, abokinsa Nasiruddeen tela ya tara samari, aka ce yau sai an nuna wa baƙo garinsu. Suka hau dutse tun da sanyin safiya, suka sauko suka ci waina a kasuwa, suka ɗauki hotuna kamar ba gobe. Duk abin da aka nuna wa Japhet, akwai wanda ya fi shi a Legas. Har wainar ma.

Bayan azahar suka gangara bakin dam, inda rabin gari ke shan iska ranar hutu, mata da kulolin abinci, matasan coci da gitarsu. Japhet ya dubi ruwan ya yi dariya. Ya ce wannan ai kududdufi ne, shi da ya saba yawo a bakin teku inda ido ba ya ganin ƙarshen ruwa. Yana ja da baya yana gwada musu tsawon igiyar ruwa da hannu, sai ƙasa ta karɓe shi. Ƙafar ta fito da ƙyar, amma farin kambas ɗinsa ya ce shi ya samu wurin zama.

Abokai suna ta dariya, ba wanda ya motsa. Wata doguwar yarinya ce ta ajiye kularta, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu cikin taɓon ta zaro takalmin.

"Ga shi, Ɗan Teku," ta ce. "Ruwanmu ƙarami ne, amma ba ya son raini."

Ita ce Dinah, malamar firamare. Japhet ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya ji Hausar tasa ta gudu, Turancin ma ya bi ta.

Daga nan abokai suka zama 'yan rakiya. Su biyu suka bi gaɓar ruwan a ƙafa, shi da takalmi ɗaya fari ɗaya baƙi. Ta nuna masa inda masunta ke ɗaure kwalekwale, da inda shanun Fulani ke shan ruwa balbelu na bin su, da dutsen da take zama tana karatu tun tana 'yar sakandare. Awa biyu cur Japhet bai ambaci Legas ba, abin da Nasiruddeen ya ce ya cancanci a sanar a coci da masallaci.

Can gaba, a gindin wata ɗorawa, hanya ta rabu biyu, kowacce ta zagaya bayan dutse ta nata ɓangaren. Dinah ta miƙa hannu ta ce waccan ce hanyar gonar babanta. Japhet ya ɗaga waya ya ɗauke su tare da kyamarar gaba, tana nuni tana murmushi. Wannan hoto shi ya zama fuskar wayarsa.

Ya koma Legas, saƙonni suka fara tashi.

"Malamata, yau na je bakin teku na tsaya, na ga ruwa ne kawai ba kowa a ciki. Ina kewar kududdufinku da mai ciro takalmi."

"Ɗan Teku, na karanta saƙonka sau uku, na ba ka takwas cikin goma. Biyun na cire ne saboda har yanzu kana cewa kududdufi. Ka ci abinci."

Kafin ruwan farko ya sauka, zance ya kai kunnen mahaifinta, Saja Joel, tsohon soja mai gashin baki. Saja bai ce Japhet mutumin banza ba ne. Tambaya ɗaya ya yi, ko yaron ya san golmo, wato noman da saurayi ke yi da abokansa a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Saja ba ya zama a taro bai faɗi cewa shi golmon shekara bakwai ya yi wa uwar Dinah ba. Ga kuma Destiny, wani ƙaton manomi mai ƙirji kamar ƙofar rumbu, damina biyu yana leƙa gonar Saja da fartanya ba a gayyace shi ba. Dinah ba ta son sa ko kaɗan, amma babanta yana son ganin yadda yake sara ƙasa.

Saja ya karɓi wayar daga hannun 'yarsa ya yi magana da Japhet da kansa.

"Ban ce shekara bakwai ba, na san ku 'yan yanzu. Yini ɗaya. Ka zo da abokanka ku nome mini gonar dawa kafin rana ta faɗi. In ka kasa, kada ka ƙara taka ƙofar gidana."

Dinah kuwa tun farko ta gaya wa Japhet gaskiya, tana son sa har cikin ranta, amma ba za ta shiga coci ɗaurin aure ba sai da albarkar babanta.

Aka sa rana a hutun Babbar Sallah. Washegarin Sallah Nasiruddeen ya bar suyar nama a gida, ya tattaro rundunar nan ta yawon buɗe ido, shi tela, da mai aski, da mai gita, da wasu biyu da ba su taɓa riƙe abin da ya fi cokali nauyi ba. Dinah ta ce za ta raka su gonar. Japhet ya ce ina, namiji ba a yi masa jagora zuwa gonar surukinsa, kuma ai yana da hoto.

Da asuba suka isa ɗorawa. Ya duba waya, ya ga inda hannun Dinah ya nuna, ya ce dama. Suka bi dama, suka tarar da gonar dawa da ciyawa ta kusa shaƙewa, suka duƙa.

Kafin hantsi hannun Japhet ya yi bororo. Kafin azahar bororon ya fashe. Mai aski ya kwanta a kunya ya ce a gaya wa matarsa ya yafe mata. Amma Japhet ya ɗaure tafinsa da tsumman riga ya ci gaba, yana mamakin yadda surukai ba su aiko ko da kunu ba.

Kunu kam an kai, amma ta hagu. Can a ɗaya bayan dutsen Saja na zaune kan kujerarsa yana duba agogo, Destiny na wasa fartanya yana murmushi, Dinah na tsaye kan tuwon da ya huce. Ta kira ba sabis. Daga ƙarshe ta rubuta.

"Japhet, in ka fasa ne, da ka faɗa mini da bakinka. Na tsaya maka a gaban Baba, yau ga ni ina kuka a gaban mutane. Na gode."

Da la'asar sakaliya samarin suka kai kunyar ƙarshe. Sai ga wata tsohuwa da sanda, ta tsaya tana kallon gonar, ta tambaye su 'ya'yan wa ne, kuma wa ya aiko su gonarta. Japhet ya nuna mata hoton. Nasiruddeen ya leƙa, ya ce a dubi rubutun rigar Japhet a hoton, ai a juye yake. Kyamarar gaba ta mai da hagu dama, abin da mai gyaran waya na shekara goma ya sani sarai, soyayya ta mantar da shi.

Japhet ya zauna a ƙasa. Rana ta kusa faɗuwa, ya san ya rasa Dinah, hawaye suka zubo masa ba kunya.

Tsohuwar ta ji labarin duka, ta kama hannunsa ta duba tafin, ta ce ya tashi. Ita ce Gwaggo Rebecca, yayar Saja Joel, wadda ta goya shi a bayanta. Mijinta ya rasu, kuma sati uku Saja yana mata alkawarin turo masu noma.

Har tsakar gidan Saja ta ja Japhet. Saja ya miƙe zai fara faɗa, ta ɗaga sanda.

"Zauna, Joel. Yaron nan ya yi golmo a gonata, ni kuwa ba ni da 'ya. To ko ka ba shi Dinah, ko ni in aure shi, don hannun da ya yi jini ba ya komawa gida haka nan."

Saja ya ce sharaɗi sharaɗi ne, shi da ya yi shekara bakwai.

"Uku," in ji Gwaggo. "Uku ka yi ka gudu ka shiga aikin soja. Marigayi mijina ne ya ƙarasa maka huɗun. In ƙirga maka su a gaban 'yarka?"

Gashin bakin Saja ya sauka. Maman Dinah ta shige ɗakin girki tana tari mai kama da dariya. Destiny ya tuna yana da aiki a garin Ribah. Dinah ta zo ta durƙusa kusa da Japhet, ta buɗe tsumman ta ga tafin, ta ce a hankali, "Ka yafe mini saƙon da za ka gani, Ɗan Tekuna. Kada ma ka karanta."

A watan Disamba aka ɗaura aure. Nasiruddeen ya ɗinka kayan ango, Gwaggo Rebecca ta zauna a layin gaba tana gaya wa kowa ita ta bar wa Dinah miji. Saja ya ɗora hannu a kan ango da amarya, ya roƙi Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu sanin hagu da dama. Coci ta amsa da amin.

Bayan sati biyu Japhet ya kai amaryarsa bakin teku a Legas, ya tsaya yana jiran yabo. Dinah ta daɗe tana kallo, ta riƙe hannun nan mai tabo.

"Da kyau kam," ta ce. "Amma ka cire takalminka tukuna. Wannan in ya ɗauka, ba zan iya ciro maka ba."