Ɗan Tsako a Kwandon Awara

A tsibirinmu na Ishigaki akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ta san gidana. Tana da ƙanwa mai suna Chiharu, 'yar aji uku.

Duk ranar Asabar su biyun sukan je asibitin namun daji su taimaka. Su wanke kwanuka, su share keji. Malama Miyara ce ke kula da masu aikin sa kai. A can akwai wata al'ada. Duk wanda ya kawo labarin dabbar da ta ji rauni, shi zai raɗa mata suna.

Wata rana Chiharu ta ga shaho a gefen titi, mota ta buge shi. Ba ta taɓa shi ba. Ta ruga wani kanti, aka kira Malama. Shahon ya rayu, Chiharu kuwa ta sa masa suna Dankali.

Tun daga ranar yayar ba ta sake samun sakat ba. A makaranta zancen Dankali, a gida zancen Dankali. Kakarsu har maƙwabta take bi tana ba da labari. Kishi ya cika yarinyar, abinci ma ba ya yi mata daɗi.

"Mama, ni fa shekara biyu ina kwashe kashin tsuntsu," ta ce. "Ita wata uku kacal!"

"To sai me? Ba ƙanwarki ba ce?" in ji Mama.

"Kuma wane irin suna ne Dankali? Da ni ce, Gimbiya zan sa."

"Sai ki nemo naki shahon, Yaya," in ji Chiharu, tana murguɗa baki.

Ranar Asabar da safe Chiharu ta riga yayarta tafiya asibitin. Yayar kuwa, Kaka ta miƙa mata kwando.

"Maza ki sayo min awara da garafuni. Da zafinta nake so, kar ki tsaya kallon gari."

Mu nan da zafinta ake sayar da awara, a leda, tana tururi. Yarinyar ta saya, ta ɗora kwandon a gaban keke. Tana dawowa ta gefen gonar rake, sai ta ga wani abu baƙi ƙirin a bakin hanya. Ɗan tsakon kazar ruwa ne, shi kaɗai.

Ta san dokar asibitin sarai: kar a taɓa, a kira. Ta kuma ji wani kuka daga cikin raken, kwak, kwak, kwak. Amma ta yi kamar ba ta ji ba.

"Gimbiya," ta ce a hankali. "Ni ma na sami nawa."

Ta ɗauke shi, ta sa shi a kwando jikin ledar awara, wai ya ji ɗumi. Ta lulluɓe shi da hankici. Maimakon gida, sai ta miƙe zuwa asibitin cikin rana.

"Malama! Malama! Na ceto wani!"

Malama Miyara ta yaye hankicin. Ɗan tsakon yana kwance, baki buɗe, yana haki. Nan take ta ciro shi, ta ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma.

"Ya ji rauni ne da kika gan shi?"

"A'a, Malama. Shi kaɗai dai na gan shi."

"Ba ki ji komai a kusa ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na ji kuka a cikin rake."

"Uwarsa ce. Ganinki ya sa ta ɓuya. Ba cetonsa kika yi ba, raba shi kika yi da uwarsa. Ga zafin awarar nan ya kusa dafa shi. In uwar ta bar wurin, da wuya ya rayu a hannunmu."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Suna kawai nake so in raɗa, kamar Chiharu."

"Ajiye kukan tukuna," in ji Malama. "Kin tuna wurin?"

Da ɗan tsakon ya ɗaga kai, suka shiga mota, har da Chiharu. Yarinyar ta nuna wurin, kusa da wani jan turke. Ita da kanta ta ajiye shi a ciyawa. Suka koma bayan mota suka yi tsit.

Suka jira, suka jira. Ɗan tsakon yana ta tsiwa-tsiwa, ba amsa. Chiharu ta kama hannun yayarta, ita kuma ba ta fizge ba.

Can sai suka ji kwak, kwak. Wata tsuntsuwa mai farin ƙirji ta leƙo daga raken. Ɗan tsakon ya miƙe, ya sheƙa wurinta yana tuntuɓe.

"Yaya, maza ki ce Gimbiya kafin ya shige!" in ji Chiharu.

"A'a," in ji yarinyar, tana share hawaye. "Uwarsa ta san sunansa."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Dankali ya sami suna ne don fiffikensa ya karye. Wannan ya fi shi sa'a."

A gida Kaka ta taɓa ledar, ta harare ta. "Awara na aike ki ko ƙanƙara?"

Yarinyar ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Kaka ta soya awarar da garafuni, suka ci, yarinyar da Chiharu a kwano ɗaya.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa taimakon da aka yi don kishi yakan zama cuta. Asabar ta gaba ita ce ta wanke kwanon Dankali, har tana kiran sunansa.