Notin da Aka Ɗaure a Kafaɗar Auta

Ranar da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum. Rana ta yi ja ta faɗa bayan katanga, uwar gida tana kwashe shanya, shi kuma Mai Kyamara ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya baje sabon kayansa kamar mai tallan ƙarafa.

Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar bidiyon tarurrukan mutane, kyamara a hannu, har kafaɗarsa ta dama ta gaji da shi. Likita bai ɓoye masa ba: in ya ci gaba a haka, wata rana ko cokali ba zai iya kaiwa baki ba. Shi ya sa ya shiga shagon kayan gwanjo ya sayo ƙarfen nan da ake ɗora kyamara a kai: sanduna biyu, mariƙai biyu a gaba, matashi mai lanƙwasa da ke zama a kafaɗa, sai ɗan faranti a baya inda ake ɗaure dunƙulen ƙarfe don ya daidaita nauyin gaba. Farantin babu komai a kansa.

"Haka tsohon mai shi ya yi aiki da shi har ya rasu," in ji mai shagon. "Matarsa ta ce in gaya wa duk wanda ya saya, kada ya ɗora komai a nan."

Kuma da gaske, da ya ɗora kyamara ya saki hannu, sai ta tsaya cak. Da wani ne, da ya gode wa Allah ya ja bakinsa. Amma Mai Kyamara irin mutanen nan ne da ko agogo suka ga yana tafiya daidai sai sun buɗe bayansa sun ga dalili. Da ya sa wa kyamarar dogon gilashin ɗauko nesa ya ji gaban ya ɗan sunkuya, sai ya je ya sayo dunƙule. To, mutum ba ya iya ɗaure noti a bayan kafaɗar kansa, dole wani ya ɗauki ƙarfen, shi kuma ya tsaya a bayansa. Sai ya ƙwala wa Auta kira, 'yarsa ta ƙarshe, mai shekara goma sha bakwai, wadda kullum ita ke tarar sa a ƙofa ta karɓi jakar batir.

"Baba, yau ni ce teburin?"

"Tsaya dai, sarauniyar surutu. Kada ki motsa."

Ya ɗora mata, ya aza dunƙulen a faranti, ya sa sifana. Juyi ɗaya, juyi biyu. A na uku notin ya cije kamar ya kama wani abu mai laushi, Auta ta ce, "Wash!" Ya ƙara juyi ɗaya, don shi bai taɓa barin noti sako-sako ba.

A daidai lokacin wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya diro gaban tabarma. Noti ne, tsoho, mai tsatsa. Babu iska, babu motsin kowa a lungu. Uwar gida ta tsaya da zani a hannu tana kallon sama.

Da gari ya waye Auta ba ta iya miƙe kafaɗarta ba. Ta dama ta lotsa ƙasa, wuyanta ya karkace, hannayenta biyu suka ƙage a gaba, yatsu a dunƙule, tana riƙe da mariƙan da babu su. Ba ta iya kwanciya, sai dai a jingina ta da bango. Asibiti suka ɗauki hoto suka ce ƙashi lafiya lau. Kullum rana ta faɗi sai notuna su fara zuba a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, kuma daga ɗakin ajiya inda ƙarfen yake rataye a riƙa jin wata murya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Sassauta. Sassauta." Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Gidan ya koma ana rufe tagogi tun da sauran haske, mutum uku a ɗaki ɗaya kowa yana sauraron numfashin ɗan'uwansa.

Shi kuwa a wajen aiki, Mai Kyamara bai taɓa jin daɗi irin na makon nan ba. Kyamarar ta koma kamar auduga. Awa huɗu yana tsaye a taron yaye ɗalibai, kafaɗa ko gezau. Ranar Laraba ya dawo, uwar gida ta tare shi idanu jawur.

"Tun ƙarfe goma Auta take nishi, ba ta samu sauƙi ba sai ƙarfe biyu."

Daga goma zuwa biyu ya yi aiki. Ya sulale ɗakin ajiya, ya ɗaga ƙarfen ya ɗora a kafaɗa. Ta cikin bango ya ji Auta ta yi ƙara. Ya sauke, ta yi shiru. Ya ɗauki sifana ya daɗe yana kallon notin, sai ya tuna ciwon nan da ke hana shi ɗaga hannu ya sa riga, ya tuna maganar likita. Ya ce wa kansa wataƙila dacewa ce kawai. Ya mayar da sifanar cikin akwati. Kunya ta kama shi har ya kasa haɗa ido da kowa, amma washegari ya saɓa ƙarfen ya fita, haka ma ranar da ta biyo.

Uwar gida ce ta ɗauko Malam ranar Asabar, wani dattijo siriri da ba ya ɗaga murya. Ya iso rana tana shirin faɗuwa. Ya zauna gaban Auta ya fara karatu, notuna suna zuba a sama kamar farkon ruwa. Can sai suka tsaya. Auta ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho tukuf ce.

"Ya isa, Malam. Ba taurin kai nake ba. A ɗaure nake."

"Wane ne kai, me ya haɗa ka da yarinyar nan?"

"Shekara talatin ina zaune a bayan tsohon mai ƙarfen nan. Ina riƙe masa nauyi, shi kuma yana kai ni kallon mutane. Ban taɓa cutar da kowa ba. Wannan ya zo ya danne min ƙafa da ƙarfe, kuma a kafaɗarta ya ɗaure ni. Inda aka ɗaure ni, nan nake. Duk abin da ya ɗauka a can, a nan yake sauka."

Malam ya ce, "Bai sani ba ne."

Muryar ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Tambaye shi. Tun Laraba ya sani."

Uwar gida ta juyo ta dubi mijinta, da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ga abin da zan yi," in ji muryar. "Ya sassauta min juyi ɗaya kawai. In zauna, in ɗauki mafi yawa, yarinyar ta ɗauki kaɗan, ba za ta ma ji ba sosai. Shi kuma ya ƙara shekara goma yana aiki babu ciwo. In kuwa ya kwance duka, zan tafi, amma nauyin kwanakin nan sai ya koma wa mai shi."

"Ba ni zan amsa ba," Malam ya ce a hankali. "Hannun da ya ɗaure shi zai kwance."

Mai Kyamara ya tashi ya ɗauko ƙarfen. Ya ɗora shi a kafaɗar Auta, mariƙan suka shige cikin yatsunta daidai wa daida. Ya zagaya bayanta ya sa sifana. Juyi ɗaya. Notin ya saki, Auta ta ja dogon numfashi. A nan hannunsa ya tsaya, na ɗan lokacin da mutum zai haɗiye yawu, kuma duk wanda ke ɗakin ya ga tsayawar. Sai ya runtse ido ya juya na biyu, na uku, na huɗu. Dunƙulen ya faɗi ƙasa tim.

Kafaɗarsa ta yi wata ƙara, hannun dama ya zube a gefensa, sifanar ta suɓuce. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma babu iska. A kan rufi noti ɗaya ya gangara har ƙarshen kwano, ba a ji faɗuwarsa ba.

Auta ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana kallon su. Ta miƙe wuyanta. Uwarta ta rungume ta tana kuka tana godiya ga Allah, ita kuwa ta kan kafaɗar uwar take kallon ubanta, da muryarta ta ainihi, ƙarama.

"Baba, ina jin duk abin da ake faɗa. Da gaske tun Laraba?"

Ya ce, "Da gaske ne, Auta."

Hannun bai sake ɗaga kyamara ba. Bayan wata biyu ya samu aikin zama a shagon wani mai gyaran hotuna, yana komawa gida da 'yar jaka rataye a kafaɗar hagu. Auta tana gaishe shi da ladabi, tana kawo masa ruwa, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai kullum in ya iso ƙofa yakan ɗan dakata, jakar a kafaɗa, kafin ya tuna babu mai tarar sa yanzu, ya shiga da ita da kansa.