Maganar da Baba Ya Raɗa wa Auta

Ana tsuga ruwan sama Yaya ya watso kayan Auta waje daga shagon kafinta na mahaifinsu, har da tsohuwar hular Baba da take ajiyewa a ƙasan jakarta. Ta durƙusa tana tsince su cikin taɓo, hawaye na bin kumatunta, maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofofinsu suna kallo. Allah sarki! Yarinyar da ko zaman makokin ubanta ba ta gama warwarewa daga shi ba, ga shi uwa ta daɗe da rasuwa, yau wanta da suka fito ciki ɗaya ke korarta kamar ɓarauniya...

Abin ya daɗe yana cin Yaya. Tun suna ƙanana Auta ce mai zama a gefen teburin Baba tana miƙa masa ƙusa, shi kuwa yana aiki yana sakin maganganu. Ya ce ƙofar da ke ƙara mai take nema ba duka ba, ya ce mai gaggawar fenti ɓaraka yake rufewa. Yaya ba ya zama, yana can wajen abokai, amma idan ya dawo ya tarar da su suna dariya sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Da suka girma, masu kawo aiki suka riƙa cewa bakin Baba ne sak a bakin Auta, kowane yabo kuma sai ya soki Yaya.

Ranar da Baba zai cika a asibiti, Yaya na tsaye a kansa, amma tsohon ya miƙa hannu ya jawo Auta, ya yi mata raɗa a kunne. Shi ke nan, Yaya bai sake samun sukuni ba. Ana dawowa daga jana'iza ya tsare ta ta faɗa masa abin da aka ce mata.

"Yaya, cewa ya yi kai ƙusa ce da ta lanƙwashe, kada in jefar da kai, a hankali ake miƙarwa."

Ya ɗauke ta da mari. Ya ce ƙarya take, mutum ba ya ɓata numfashinsa na ƙarshe a kan ƙusa, wata dukiya Baba ya ɓoye ya faɗa mata wurin. Ya zagaya dangi da wannan zance, har Gwaggo, ƙanwar Baba, ta hau kai ta zauna. Da Auta ta je gidanta da jiƙaƙƙun kaya, a bakin ƙofa Gwaggo ta tare ta, ta ce sai ta fito da haƙƙin ɗan'uwanta za ta shiga.

Wahala kuwa ta sha ta! Ta samu wanke-wanke a wani gidan abinci, tana kwana a ɗakin ajiya tsakanin buhuna. Hannuwanta suka tsattsage, zazzaɓi ya kwantar da ita ba mai ba ta ruwa. Tana samun sauƙi Yaya ya zo ya gaya wa mai gidan abincin cewa ta cinye gadon marayu, aka sallame ta a gaban mutane. Duk da haka, idan ta ɗaga hannu tana kuka, shiriya take roƙa masa.

Shi kuwa Yaya ya rufe shago ya shiga tono. Ya farfasa daɓe, ya ɓalle rufi, ya haƙa gindin bango yana neman abin da babu. Wata safiya bangon ya rufto masa, aka kwashe shi zuwa asibitin da Baba ya cika. Dangin da suka zuga shi kowa ya kama gabansa, Auta ce ta zo asibiti a guje ba ko takalmi, ta zauna tana jinyarsa, shi kuwa ya juya mata ƙeya.

Ranar da Gwaggo ta leƙo dubiya, wata dattijuwar nas ta shigo wankin ciwo. Ta dubi Auta ta gane ta, ta dubi marar lafiya.

"Kai ne ƙusar da tsohon nan ya ce kada a jefar? Ina sunkuye daf da kansa ina gyara masa ƙarin ruwa, na ji da kunnena. Ashe kuwa ta riƙe amana."

Gwaggo ta zame ƙasa tana salati, ta kama ƙafar Auta tana neman gafara. Yaya ya ja bargo ya rufe fuska, sai kafaɗunsa ke rawa... Duk abin da ya rusa, ashe tsohon da sunansa ya cika a baki!

Hannun Yaya na dama bai sake riƙe guduma ba. Dangi suka taru suka damƙa wa Auta abin da ya rage na shagon, tsoffin masu kawo wa Baba aiki suka dawo, har ta ɗauki ma'aikata. A cikin gari kuwa Yaya bai isa ya ɗaga kai ba, kowa ya san abin da ya yi.

Auta ta sa masa kujera kusa da teburinta. Ya daɗe yana zama yana kallon ƙasa, sai wata rana da rana tsaka ya yi gyaran murya.

"Auta, ban taɓa zama na saurare shi ba. Ki faɗa mini... me kuma yake cewa?"

Ta ajiye zarto, ta share idonta da bayan hannu, ta jawo benci kusa da shi.

"Suna da yawa, Yaya. Gyara zama."