Ƙarafa Huɗu Da Gaisuwar Magajin Gari

Ƙarfe bakwai na safe aka kira ofishin 'yan sanda: barandar hawa na biyu ta rufta a gidajen haya na hukuma, ta danne wata tsohuwa mai ɗinki.

Kafin Sufeto da Sajan su isa an zaro gawar an lulluɓe ta. Gaban ginin na sheƙi da sabon fenti, bayansa kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Daga wata taga rediyo na maimaita gaisuwar hutun ƙarshen shekara ta magajin gari: "Kowane iyali a birnin nan zai kwana ƙarƙashin rufi mai aminci."

'Yar marigayiyar na zaune kan ɓaraguzai, idonta a bushe.

"Yallaɓai, shekara uku Inna na kai takarda ofishin gidaje. Kullum sai a ce babu kuɗin gyara a kasafin bana. Amma na fitilu masu launi da fenti, wannan akwai."

Sufeto ya tsuguna ya share ƙura da hannu. Ga zoben tsatsa a kan siminti. Ya ƙara sharewa, ya sami wasu uku, a jere.

Aka kira mai kula da ginin, wanda masu haya ke ce wa Sarkin Makulli.

"Me ya daɗe a tsaye nan har ya bar tsatsa?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin komai ba."

"Shekara nawa kake nan?"

"Goma sha biyu."

"Ashe makaho aka ba wa makulli," in ji Sajan.

Sufeto ya ɗago wata koriyar igiyar shanya, an yanke ta da wuƙa. "Wannan a jikin me aka ɗaure ta? A iska?"

Sarkin Makulli ya dubi igiyar. "To... ƙarafa ne huɗu da suka tokare barandar. Ɓarayi suka sace."

"Ka kai rahoto?"

Ya shiga juya makullansa.

A mota Sajan ya miƙo jarida. Ga magajin gari a shafin farko, yana murmushi a gaban ginin, shekaranjiya. Babu ƙarfe ko ɗaya a hoton. A bayansa, jami'in kula da gidaje na riƙe da fayil.

Suka sami jami'in a ofis, cikin tulin katunan gaisuwa, suka tambaye shi ina ƙarafan.

"Ƙarafan suna sito, Sufeto. An kai su gyara."

"Mai kula da gini ya ce sace su aka yi."

"Bai san aikinsa ba."

Suka je siton, babu ƙarfe. A hanyar dawowa cunkoso ya tsayar da su a shataletale, inda aka kafa ƙaton allo mai hoton magajin gari, hannu a ɗage, yana yi wa talakawa barka da hutu. Sufeto ya sauka ya zagaya bayan allon. Ƙarafa huɗu masu tsatsa ne suka tallabe shi. A jikin ɗaya, guntun koriyar igiya na lilo.

Ya kwance shi, ya kai ya ajiye a teburin jami'in, kusa da ragowar igiyar.

Mutumin ya dubi igiyar, ya ture katunan gefe.

"Cewa aka yi ƙarafan za su ɓata hoton. Na sa a cire su na rabin awa, wallahi rabin awa. Da aka gama sai aka bugo waya wai allon na karkata, ga ƙarafan a bayan mota, sai aka kai su can. Na ce bayan hutu a mayar. Barandar da ta yi shekara uku, ba za ta yi sati ɗaya ba?"

"Wa ya ce za su ɓata hoton?"

"Yallaɓai, ina da 'ya'ya biyar. Rubuta cewa ni ne."

"Tambayarka nake yi!"

"Ni ne."

Sajan ya sa masa ankwa, aka fita da shi. Ma'aikata suka sunkuyar da kai kan katunansu.

Sufeto ya buga wa shugabansa waya. Barandar hawa na uku ma ta tsage, iyalai shida na ƙarƙashinta. Ya nemi izinin kwaso ƙarafan a tokare ta yau.

"Kana so allon ya faɗi a tsakiyar hutu? Ka kama mai laifi, ka rufe fayil. Bayan hutu a duba."

Da la'asar ya koma ginin. Ya tarar da 'yar tsohuwar tana jan keken ɗinkin uwarta waje.

"An kama wanda ya sa aka cire ƙarafan," ya ce.

Ta ɗaga kai ta dubi tsagar da ke samansu, inda yashi ke zubowa kaɗan-kaɗan.

"Madalla, yallaɓai. To ka matsa daga nan, kada a kira ofishinku a kan gawarka."