Arzikin Yini Ɗaya na Don Fortunato

A bakin ofishin tallafin ɗalibai Nilton ya fara ganinta, tana faɗa da allon sanarwa. Ta riƙe ƙugu tana karanta matakan kuɗin makaranta tana tsaki, kamar allon ne ya ci mata bashi.

"Ki yi masa a hankali," ya ce daga bayanta. "Jiya ma wata ta zage shi, har yanzu bai farfaɗo ba."

Ta juyo da niyyar wanke shi tas, sai ta ga dogon saurayi siriri yana murmushi kamar sun shekara da sanin juna. Dariya ta ƙwace mata.

"Mataki na uku suka sa ni," ta ce. "Ni! Babana magini ne, ciwon baya ma ya zaunar da shi."

"Wace sakandare kika yi?"

"Ta sistocin coci. Amma kyauta suka ɗauke ni."

"To shi ke nan. Sunan makarantar suka gani, suka zaci 'yar masu hali ce. Nan aji ɗaya ne, malami ɗaya, amma kowa da abin da yake biya gwargwadon ƙarfin gidansu. Ki nemi a sake duba ki. Za su turo ma'aikaciya ta ga gidanku da idonta, in ta ga gaskiya su sauko da ke mataki na ɗaya."

"Kai a nan kake aiki?"

"A'a, tsohon ɗan mataki na ɗaya ne dai. Nilton Paucar, injiniyan lantarki in Allah ya yarda, direban babur mai ƙafa uku kafin ya yarda."

"Maricielo Tuesta. Haɗa magunguna."

"Madalla. Dama tun da kika juyo nake jin ƙirjina ba daidai ba."

Ta harare shi, amma lambar wayarta ta ba shi kafin layi ya iso kanta. Ashe ma duk 'yan unguwar Comas ne, shi a gindin tudu, ita a can sama inda mota ke gajiya.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Cielito, kin isa gida lafiya? Kar ki manta takardar asibitin babanki da ta kuɗin wuta. In allon nan ya ƙara ɓata miki rai, ki gaya min."

Ta amsa: "Wa ya ba ka izinin yanka min suna, Siriri? Na isa. Ka ci abinci, iskar tudu ba ta da tausayi."

Daga nan kullum sai ya jira ta a gindin tudu ya hau da ita a baburinsa, kuma bai taɓa karɓar kuɗinta ko sol ɗaya ba. Duk unguwa mun san me ake ciki kafin su biyun su sani.

Ranar da ya je gaida iyayenta komai ya fara da kyau. Doña Zoila, mahaifiyarta, ta zuba masa miyar kaza har sau biyu. Mahaifinta Don Fortunato kuwa ya zauna a kan benci yana auna shi da ido. Mutumin kirki ne Don Fortunato, da hannunsa ya gina rabin gidajen layinmu, amma girman kai gare shi wanda ko tudun bai kai shi tsayi ba. Gara ya kwana da yunwa da a ji ƙarar cikinsa.

Shi kuma Nilton bakinsa ba ya da birki.

"Don Fortunato, ranar da ma'aikaciyar jami'ar nan za ta zo, don Allah a bar gidan yadda yake. Inda rufi ke yoyo a nuna mata. Kar a ɓoye komai."

Cokalin Doña Zoila ya tsaya a iska.

"Wato in baje talaucina a faranti in miƙa wa baƙuwa?" in ji Don Fortunato.

"Ba haka nake nufi ba, Don..."

"Yaro, gidan nan baƙo bai taɓa shiga ya fita yana tausayinmu ba. Ka gama miyarka? To ƙofa tana inda ka bar ta. Kar in ƙara ganin baburinka a layin nan."

Maricielo ta yi kuka, ta yi bayani har muryarta ta dushe. Uban ya ce ya ji. Bai ji komai ba.

Ranar ziyarar ta faɗo daidai da jarrabawarta ta ɗakin gwaji, don haka tun da safe ta fita. Tana ɓacewa a kwana Don Fortunato ya kira amininsa Don Aurelio, mai shagon kayan ɗaki. Kafin hantsi sai ga motar shagon tana nishi a kan tudu, ɗansa Renzo a sitiyari. Renzon nan ya daɗe yana bin Maricielo da turare da alkawura, ita kuma ko kallo bai ishe ta ba.

Aka sauke kujerun fata, aka sauke talabijin mai faɗin ƙofa, aka sauke firji mai murfi biyu. Maƙwabta suka ji mutuncin layi ne a kan sikeli, wannan ta kawo labule, wancan ya kawo fenti aka shafe inda ruwa ya ɓata bango. Doña Zoila tana gunaguni tana dafa shinkafa da agwagwa.

Nilton ya kawo fasinja kusa da layin ya hango komai. Ya tambayi mai sayar da burodi a bakin hanya.

"Ba ka ji ba?" ta ce. "Ai ɗan Don Aurelio ne ke cika wa surukai gida. Wa zai kawo firji irin wannan a banza?"

Ya juya baburinsa. Ya tura wa Maricielo saƙo: "Na ga kayan. Allah ya sanya alheri. Da kin gaya min da bakinki, Maricielo."

Tana fitowa daga jarrabawa ta karanta. Ba ta gane kan zancen ba, sai dai ta lura ya kira ta da cikakken sunanta, abin ya yi mata ciwo. Ta rubuta: "Wane kaya? In ka gaji da ni ka faɗa kawai." Bai amsa ba.

Ita kuwa ma'aikaciyar jami'a, Señora Ofelia, ta zo ta nutse cikin kujerar fata, ta ci agwagwa ta yaba, Don Fortunato yana ba ta labarin yadda aiki ya yi masa yawa har yana korar masu son gini. Da ya raka ta ya dawo yana tafiya kamar gwamna. Kafin Maricielo ta iso gida an kwashe komai, sai ƙamshin fenti.

Sakamako ya fito bayan mako biyu. Ba a sauko da ita ba. Mataki na huɗu aka ɗaga ta. Garin neman gira an rasa ido.

A nan Doña Zoila ta fasa ƙwai, ta gaya mata duk abin da aka yi. Maricielo ba ta ɗaga wa ubanta murya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Papá, ƙarshen wata zan ajiye karatun. Zan nemi aiki a kantin magani."

Renzo bai ɓata lokaci ba. Ya zo da furanni ya ce babansa zai biya komai har ta gama, tunda dai gida ɗaya za a zama.

"Na gode, Renzo," ta ce. "Amma ni ba firji ba ce da za a biya ni wata-wata."

Washegari Doña Zoila ta ɗaura gyalenta ta gangara tashar babura, ta sami Nilton ya ƙara ramewa, abin da ba mu zaci zai yiwu ba.

"Kai da ubanta ban san wanda ya fi wani taurin kai ba," ta ce. "Kayan aro ne, sakarai! Don baƙuwar jami'a aka kawo su. 'Yata tana can tana shirin barin makaranta, kai kana nan kana zaman makokin auren da ba a yi ba."

Ya miƙe har kansa ya bugi rufin babur. Ya zaro waya ya rubuta: "Cielito, ni jaki ne. Na zarge ki a kan abin da ba ki sani ba. Ki yafe min, kuma kar ki sa hannu a takardar barin karatu. Akwai hanya."

Amsa ta zo nan take: "Jakin ma ya fi ka, shi yana tambaya da kuka. Na yafe, zuciyata. Wace hanya?"

Hanyar ɗaya ce, kuma mai ɗaci. Ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai mai gidan da kansa ya je ya faɗi abin da ya yi. Kafin nan kuma sai an biya kuɗin watan, in ba haka ba a rufe mata shiga aji.

Na kuɗin bai gagare mu ba. Ranar Asabar aka yi pollada, wato bikin sayar da soyayyar kaza don tara kuɗi, layi ya cika da hayaƙin suyar kaji da kiɗa. Nilton ya sayar da katin faranti ga duk direban da ke tashar, har da waɗanda yake gaba da su. Shi kansa Renzo ya sayi biyar, a ba shi haƙƙinsa.

Don Fortunato yana zaune a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa tana raba dankali, hannunta duk ƙunar mai. Yana nan har aka watse. Ranar Litinin da sassafe ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya dogara sanda ya sauka tashar babura da ƙafarsa.

"Yaro," ya ce, yana kallon gefe. "Nawa ne zuwa jami'a?"

"Ga surukina kyauta ne, Don Fortunato."

"Ban tambaye ka na surukinka ba. Ja mu je."

A gaban Señora Ofelia ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Muryar da ke tsorata leburori ta koma ƙarama.

"Señora, ƙarya na yi miki. Kujerun ba nawa ba ne, talabijin ba tawa ba ce, agwagwar ma bashi ce. Shekara biyu rabona da ɗaga bulo. Kunya na ji. In hukunci ne a yi min, amma yarinyar nan ba ta san komai ba, kuma ita ce kaɗai abin da na gina da nake alfahari da shi."

Señora Ofelia ta cire tabarau ta goge.

"Don Fortunato, ka zaci kai ne na farko? Akwai wanda ya aro mota har da kare. Amma kai ne na farko da ya zo da ƙafarsa ya faɗa. Zan dawo, kuma ba zan gaya maka ranar ba."

Da ta dawo sai abin ya zama wani wasan. Don Fortunato ya kai ta ƙarƙashin kowane yoyo, ya buɗe mata tukwane, har ya fara kwance riga zai nuna mata bayansa, sai da Doña Zoila ta daka masa tsawa. Aka sauko da Maricielo mataki na ɗaya, kuma da sakamakon jarrabawarta ya fito aka ƙara mata tallafin rabin kuɗi.

Ta rubuta wa Nilton: "Siriri na, ina nan daram! Papá ya ce ka zo cin miya ranar Lahadi. Ya ce ka zo da bakinka, amma ka sa masa birki."

A wannan Lahadin ya nemi aurenta. Don Fortunato ya ce, "Digiri tukuna, zobe daga baya. Nata da naka." Suka jira, kuma ba su yi ƙorafi ba, sai dai kuɗin waya da suka ƙone.

An ɗaura auren a cocin unguwa wata guda bayan ta karɓi shaidarta. Don Aurelio ya yi tayin kama babban zauren biki a gari, Don Fortunato ya gode masa ya ce a gida za a yi. Dangin Nilton suka zo tun daga garin Huancayo, mota cike, suka hau tudun suna haki.

Don Fortunato ya tare su a bakin ƙofa, ango a damansa, amarya a hagunsa.

"Ku shigo," ya ce. "Gidan ke nan, ban ƙara komai ba, ban ɓoye komai ba. Benci ne da mu da miya. Abu ɗaya mai tsada da ke ciki, ga shi na ba ɗanku."

Maricielo ta kifa kanta a kafaɗarsa tana kuka, kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi ta tafi. Nilton ya buɗe baki zai yi magana, karo na farko a rayuwarsa ya rasa abin faɗa.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu basirar uwarsu da gaskiyar ubansu.