Ginin da Ba Ya Riƙe Ɗumi

Ranar da Lanying ta fara ganin Zhiyuan, durƙushe yake a ɗakin kakarta, ya manna tafin hannu a bango.

"Malam, bangon ba shi da lafiya ne?" ta tsokane shi.

Bai yi dariya ba. "Ɗumi yake zubarwa. Bana zai ba mutane kunya."

Injiniya ne, yana lissafa yadda ɗumi ke shiga gini da yadda yake sulalewa, don a san ruwan zafin da za a turo ta bututu. Kafin ganye ya gama zuba a Harbin, ta zama "Garwashina", shi kuma "Likitan bango".

Sai dai mahaifinta ne shugaban tashar ɗumama unguwar, inda Zhiyuan ke aiki, kuma ya amince da lissafin Pei Jun, ɗan amininsa mai neman aurenta, cewa a rage wuta. Lissafin Zhiyuan kuwa ya nuna in iskar arewa ta daɗe, bututun tsohon ginin da Kaka ke zaune za su daskare su fashe.

"Yaron nan fatan tsiya yake mana," in ji uban. "Kada in sake ganin ƙafarsa."

Pei Jun ya ƙara mata da cewa kujerar babanta Zhiyuan yake hari, ba ita ba. Ta daina ɗaga wayar Zhiyuan.

Wata safiya sama ta yi fari fat, gari ya yi tsit. Saƙo ya shigo:

"Garwashina, ki ƙi ni in kin ga dama, amma ki fitar da Kaka yau. Ban taɓa fatan in yi kuskure ba sai yanzu."

Ta ruga. A matakala ta iske shi, goye da wani tsoho, leɓensa ya tsage. Tare suka bi ƙofa ƙofa suna fitar da mutane, har da Kaka.

Iskar ta zo, ta ƙi tafiya, bututun suka fashe. Da uban ya shiga ginin, ƙanƙara ya tarar ta lulluɓe gadon mahaifiyarsa. Ya daɗe a tsaye.

Da ya fito ya dubi Zhiyuan. "Ka ci abinci kuwa, ɗana? Muje gida."

An yi bikinsu da ƙanƙarar kogi ta narke, Lanying cikin jar riga. Suka durƙusa suka miƙa wa Kaka shayi. Ta haɗa hannayensu tana hawaye.

"Ku yi furfura tare, 'ya'yana. Ku ga jikokin jikokinku."