Sawun Baffa Mudi

Ranar kasuwar Kiru ce, shekarar da aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci a garin. Malam Ɗahiru, saurayin da aka turo ya koyar da manya, yana gindin tsamiya yana fassara wa 'yan ajinsa wani tsohon littafin Turanci na masu binciken ɓarayi. Ya kai daidai inda gwaninsa, wani dogon Bature mai igiyar awo, ya auna sawu ya kama mai laifi, sai wata mai tallan nono ta ja tsaki.

"Wannan ai wahalalle ne," in ji ta. "Ni na fi son na labarin makon jiya, tsohon nan na gidan waya da ba ya tashi daga kujerarsa. Sai ya bar mutane su yi ta zuba har mai laifi ya tona kansa."

Ɗahiru ya ɗaga kai, layin da yake karantawa ya ɓace masa. Salamatu ce, 'yar Baffa Mudi na Badafi, wanda in aka sace saniya a ƙasar nan shi ake kira ya bi sawu.

Wata huɗu suna wannan gardama, kowace kasuwa. Yana ce mata Salamatuna, tana ce masa Mai Igiya. Har an tsayar da magana manyansa za su zo daga Bebeji neman aurenta in an cire gyaɗa.

Sai aka sace bijimin dagacin Badafi.

Da hantsi Ɗahiru ya ari tef ɗin awo na tela ya nufi turken bijimin, yana jin ranarsa ce ta zo. Ya duƙa, ya auna, ya rubuta. Sa'an nan ya tsaya gaban dagaci da jama'a.

"Ranka ya daɗe, ɓarawon yana jan ƙafar hagu. Kuma gefen sawun bijimin yake bi, ba ya takawa."

Ko yaron goye a Badafi ya san mai jan ƙafar hagu, ya kuma san mai bin sawu gefe yake bi don kada ya ɓata shi. Tun da asuba Baffa Mudi ya fita neman bijimin. Shi kuwa malamin namu, saboda kunyar suruki, bai taɓa ɗaga ido ya ga yadda Baffa ke tafiya ba.

Da la'asar Baffa ya dawo da bijimin daga wajen Tudun Wada, aka kwashe labari aka gaya masa. Abu ɗaya ya ce: "Wanda ya kira ni ɓarawo kada ya ƙara taka ƙofata."

Ɗahiru bai yi kuka ba. Baƙin cikin ma bai zo ba. Jikinsa ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Yana zuwa aji, ya rubuta baƙaƙe a allo, ya goge, ya koma ɗaki. Tuwo da ƙasa duk ɗaya a bakinsa. Aka ce masa Labaran mai sabon keke ya fara sintiri Badafi wajen Salamatu, ya ce, "To." Aka cire gyaɗa, aka tsinke ta, bai aika Bebeji ba, bai kuma ce su fasa ba.

Wata Laraba goggon Salamatu, Zuwaira, ta ajiye masa takarda a bakin aji, rubutun ajami:

"Mai Igiya, gaisuwa mai yawa. In Labaran ya zo, rafi nake tafiya. Baffa ba ya cin abincin kirki. Ba ya ambatonka, amma jiya ya tambayi Goggo ko har yanzu kana karanta wa mutane littafin. Ka zo ranar Juma'a. Kada ka zo da igiya, kada ka zo da bayani. Ka zauna kamar tsohona na gidan waya. Na gaji da rashinka. Ni ce, Salamatunka."

Ya karanta sau uku bai ji komai ba, amma ya je.

Bai taka ƙofar ba, a waje ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Baffa ya bar shi cikin rana har inuwa ta juya, sa'an nan ya fito ya soma faɗa. Ya ce shekara talatin yana bin sawun dukiyar mutane. Ƙafar ma kibiyar ɓarayi ce ta lalata ta a dajin Doguwa, kan shanun da ba nasa ba. Ɗahiru na durƙushe yana sauraro.

Da Baffa ya gaji, ya nuna yashin hanyar rijiya da sandarsa.

"Mata biyar suka wuce nan ɗazu. Wanne ne sawun Salamatu?"

Ɗahiru ya daɗe yana kallo. "Baffa, ban sani ba."

"A gaban dagaci fa?"

"Can ma ban sani ba. Faɗa kawai na yi."

"To ka je ka faɗi haka a inda ka faɗi waccan."

Washegari ya je, ya faɗa da ƙarfi, 'yan ajinsa na tsaye suna ji. Wasu suka yi dariya, bai damu ba.

Bayan sati uku manya suka zo daga Bebeji. Ranar ɗaurin aure aka raba goro, liman ya shafa fatiha, Ɗahiru na can zauren abokinsa zaune kamar auren wani ake yi. Sai Goggo Zuwaira ta leƙo da saƙo.

"Baffa ya ce Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Ya ce in gaya maka, ɗa ya ƙaru a gidansa."

Ɗahiru ya buɗe baki zai ce amin, sai hawaye suka zubo. Ya kifa fuska cikin hannun rigarsa ya yi ta kuka, abokai suna cewa amin a madadinsa.